Giyar Ruhubanawa: Yadda Kasuwa Ta Iske Masu Gudun Duniya Har Gida

1.0 Gabatarwa

A yammacin ƙasar Beljiyam akwai wani ƙauye mai suna Westvleteren. A gefensa akwai gidan ibada na Kirista mai suna Sint-Sixtus, inda wasu maza da ba su wuce ashirin da 'yan kai ba suka keɓe kansu daga jama'a. Ba su aure, ba su mallakar dukiya, kuma yawancin yininsu shiru ne da addu'a da aikin hannu. A shekarar 2005 wani dandalin masu ɗanɗanon giya a intanet, mai suna RateBeer, ya bayyana cewa giyar da waɗannan mutane ke dafawa ita ce ta ɗaya a duniya. Kafin a ce kwabo motoci sun yi jerin gwano a ƙofar gidan, wayar gidan kuma ta ƙi hutawa. Abin da ya ba 'yan kasuwa mamaki shi ne, masu gidan ba su yi rawar jiki wajen ƙara tukwane ba, ba su kuma tsawwala kuɗi ba.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana asalin wannan sana'a, da dalilan da suka sa buƙatarta ta hauhawa, da kuma irin jarrabawar da kasuwa ta jefa masu ita a ciki. Sanin kowa ne cewa giya haramun ce a Musulunci, kuma tun da Jihar Kano ta rungumi Shari'a a shekarar 2000 ake farautar ta, har Hukumar Hisba kan farfasa kwalabenta a bainar jama'a. Saboda haka abin nazari a nan shi ne wata tambaya da ta shafi kowace al'umma: yaya mai ibada zai ci daga guminsa ba tare da sana'ar ta cinye ibadar ba? Malamin tsangaya a Gyaɗi-Gyaɗi, wanda ke karantarwa da safe ya ɗauki allura da zare da hantsi, ya san nauyin wannan tambaya.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar "ruhubanawa" ta shigo Hausa daga Larabci, kuma malamanmu sun daɗe suna amfani da ita a tafsiri. Tilonta shi ne "rahibi", watau Kiristan da ya ɗauki alkawarin barin aure da dukiya da son rai, ya zauna cikin jama'ar 'yan uwansa a ƙarƙashin shugaba guda har mutuwa. Wasu kan fassara kalmar da "sufi", amma akwai bambanci. Sufin Ƙadiriyya ko na Tijjaniyya yana da iyali da gona ko rumfa a kasuwa, ya je zawiyya ya yi wazifa ya koma gida. Rahibi kuwa gidan ibadar shi ne gidansa, shi ne gonarsa, a nan kuma za a haƙa kabarinsa.

Ita ma giya ba baƙuwar kalma ba ce a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa manyan mutanen Barbushe na zamanin tsafi a Dala, ya ambaci maƙeri da mai magani da mai gadin gari, ya kuma ambaci Bugazau a matsayin mai dafa giya. Har ila yau Maguzawa sun san burkutu, wanda ake yi da tsiron dawa. Hanyar Turawa ba ta yi nisa da wannan ba: a jiƙa sha'ir ya tsira, a busar, a ɓarza, a dafa, a tace, a zuba yisti a bar shi ya tsima. Babban abin da suka ƙara shi ne wani fure mai ɗaci da suke kira hof, wanda ke ba da ƙanshi ya kuma hana abin lalacewa da wuri.

3.0 Ƙa'idar Benedik

Tushen wannan al'ada wani mutumin Italiya ne mai suna Benedik na Nursiya, wanda ya rayu a tsakanin wajen 480 zuwa 547. Shi ya kafa gidan ruhubanawa na Monte Cassino, ya kuma rubuta ƙa'idar zama mai babi 73, wadda ta zama ja-gorar yawancin irin waɗannan gidaje a Yammacin Turai. Babi uku daga ciki sun shafi zancen da ake yi kai tsaye.

Babi na 48 ya ɗauki zaman banza a matsayin abokin gabar ruhi, ya raba yini tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu, ya kuma nuna cewa rahibi na gaskiya shi ne mai ci daga aikin hannunsa. Babi na 40 ya ƙayyade abin da kowa zai sha a rana, ya yi gargaɗi a kan maye. Babi na 57 kuwa ya yi magana a kan masu sana'a. Ya ce idan gwani ya fara girman kai don yana ganin shi ke kawo wa gida kuɗi, a cire shi daga sana'ar har sai ya sauko. Ya kuma ce idan za a sayar da kayan gidan, a sayar da ɗan rangwame kan farashin mutanen gari, don kada haɗama ta sami ƙofa. Duk wanda ya riƙe wannan babi zai fahimci abin da ya faru a Westvleteren bayan shekara dubu da ɗari huɗu da wani abu.

A Italiya inabi ne abin sha, amma a ƙasashen arewa masu sanyi inabi ba ya yi sosai, sai hatsi. Nan ne giyar sha'ir ta maye gurbinsa, ta zama ɓangaren abincin yau da kullum. Akwai wani tsohon zanen tsarin gidan ruhubanawa da aka adana a St. Gallen ta ƙasar Suwizalan, wanda aka zana a wajen 820 zuwa 830. A cikinsa an ware ɗakunan dafa giya har uku: ɗaya na manyan baƙi, ɗaya na ruhubanawa, ɗaya na matalauta da matafiya. A 822 kuma shugaban gidan Corbie na Faransa, Adalhard, ya ambaci furen hof a cikin dokokin gidansa. Da yake ruhubanawa sun iya karatu da rubutu a zamanin da yawancin Turawa ba su iya ba, sai suka riƙa rubuta awo da sakamako, na baya ya gaji na gaba, sana'ar ta yi ta gyaruwa.

4.0 Ɗariƙar Trappist

Kamar yadda ya saba faruwa, arziki ya shigo, horo ya yi sako-sako. A 1098 wasu ruhubanawa ƙarƙashin Robert na Molesme suka fice suka kafa sabon gida a Cîteaux ta Faransa don komawa ga ƙa'idar Benedik tsantsa. Da su ma suka yi sanyi, sai a 1664 shugaban gidan La Trappe da ke lardin Normandi, Armand de Rancé, ya sake ɗaure ɗamarar gyara: yawan shiru, barin cin nama, tashi tun tsakar dare, da aikin gona. Daga sunan wannan gida aka sami "Trappist". A 1892 suka zama ɗariƙa mai cin gashin kanta.

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya rufe gidajen ruhubanawa ya ƙwace dukiyarsu, mazaunansu suka watse. Wasu daga cikin masu gudun hijirar suka yada zango a Westmalle, kusa da Antwerp, a 1794, kuma a 1836 suka fara dafa giya don teburinsu. An kafa Sint-Sixtus a 1831, aka fara dafawa a ƙarshen shekarun 1830. Gidan Scourmont da ke Chimay ya kafu a 1850, ya fara a 1862. Koningshoeven ta ƙasar Holan ta fara a 1884, Rochefort a 1899. Orval kuwa ta buɗe tata masana'anta a 1931 musamman don ta sami kuɗin sake gina gidan da aka rushe tun zamanin juyin juya hali. Abin lura a nan shi ne, a kowane gida ibada ce ta riga zuwa, sana'a ta biyo baya don ta ɗauki nauyinta. Ba giya kaɗai suke yi ba. Chimay da Orval da Westmalle duk sun shahara da cuku.

5.0 Rigimar Suna

Hausawa sun ce suna linzami ne. Da sunan Trappist ya fara jan masu saye, sai wasu kamfanoni suka riƙa manna shi a kwalabensu, da hoton rahibi mai ƙaton tumbi, alhali ko ƙofar gidan ibada ba su taka ba. Ruhubanawa suka kai ƙara, kuma a 1962 wata kotu a birnin Ghent ta yanke hukuncin da ya kare musu sunan. A 1997 gidaje takwas suka haɗu suka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa, wadda ke ba da wani tambari mai kusurwa shida. Sharuɗɗan samun tambarin uku ne:

(a) A yi kayan a cikin gidan ruhubanawa ko a kewayensa.
(b) A yi su a ƙarƙashin kulawar ruhubanawan kansu.
(c) Ribar ta tafi ga ɗawainiyar mazauna gidan da gyaran gine-gine da taimakon sauran gidajen ɗariƙa, abin da ya saura kuma a yi sadaka da shi.

Wannan ya raba giyar Trappist da wadda ake kira "giyar gidan ibada", irin su Leffe, wadda sunan gidan kawai aka karɓa haya tun 1952, amma mai dafa ta yanzu shi ne AB InBev, kamfanin giya mafi girma a duniya. Sharuɗɗan kuma ba na baka ba ne. A 1999 gidan Koningshoeven ya rasa tambarin bayan ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Bavaria, bai sake samunsa ba sai a 2005, bayan an tabbatar da cewa ragamar ta koma hannun ruhubanawa.

Mutumin Kano ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan matsala. Mai sayen zuma a kasuwar Tarauni ya san sai ya yi hattara da dafaffen sukari. Mai ɗinkin hula da hannu, wanda kan kwashe makonni a kan guda ɗaya, ya ga yadda hular inji ta zo da irin zanensa a kan kuɗi kaɗan. Marina Ƙofar Mata da 'yan Kantin Kwari sun ga yadda yadin ƙasar Sin ya kwaikwayi na gida. Bambancin kawai shi ne, ruhubanawan Beljiyam sun haɗa kai sun sami doka da tambarin da ke tsaya musu.

6.0 Dalilan Hauhawar Buƙata

Dalili na farko shi ne gundura. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan kamfanoni sun haɗiye ƙanana, suka cika kasuwa da abin sha iri ɗaya. Daga shekarun 1970 sai wasu mashaya a Ingila da Amurka suka fara neman na gargajiya. Wani marubuci ɗan Ingila mai suna Michael Jackson, wanda ba shi ne mawaƙin Amurka ba, ya fitar da littafi a kan giyar ƙasashen duniya a 1977, ya yi ta kururuta ta Beljiyam har sunanta ya ƙetare teku.

Na biyu shi ne intanet, wadda ta mai da ra'ayin 'yan tsiraru labarin duniya cikin kwana ɗaya, kamar yadda ya faru a 2005. Na uku shi ne ƙaranci, domin ɗan Adam ya fi ɗokin abin da aka hana shi. Na huɗu shi ne amana: mai saye yana ganin wanda ba ya neman tara dukiya ba shi da dalilin yin algus, kuma kuɗinsa zai ƙare a hannun mabuƙata. Bugu da ƙari, a 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin al'adun gado na duniya, abin da ya ƙara jawo 'yan yawon buɗe ido.

Idan aka duba da kyau, dalilai uku daga cikin waɗannan sun dogara ne kan abu guda, watau cewa masu yin abin ba 'yan kasuwa ba ne. A nan ƙullin yake. Abin da ke jan mai saye shi ne gudun duniyar mai sayarwa. In mai sayarwa ya biye wa mai saye ya buɗa masana'anta iyakar buɗawa, to ya sayar da ainihin abin da aka zo nema.

7.0 Amsoshi Daban-daban

Gidajen ba su amsa kiran kasuwa da murya ɗaya ba. Sint-Sixtus ita ta fi tsauri. Shekaru da dama abin da take fitarwa bai wuce kimanin lita 475,000 a shekara ba, ko da yake an ƙara daga baya. Ba ta talla, kuma ta daɗe ba ta manna takarda a jikin kwalba, sai dai a karanta murfi. A da, mai so sai ya buga waya ya kama layi, ya ba da lambar motarsa, a ba shi akwati kaɗan, ba zai sake samu ba sai bayan wata biyu, ya kuma yi alkawarin ba zai sayar wa wani ba. Matsayin shugabannin gidan a bayyane yake: suna dafawa ne gwargwadon abin da zai riƙe su a matsayin ruhubanawa. Lokacin da suka sassauta shi ne 2011 da 2012, da ginin gidan ya tsattsage suka buƙaci kuɗin sabon gini. Suka fitar da ƙunshi na musamman aka sayar a Beljiyam da Amurka da wasu ƙasashe, da buƙata ta biya suka rufe ƙofa.

Amma ƙaranci yana haifar da 'yan bumburutu. A 2018 wani babban kanti a Holan ya tara kwalabe kimanin 7,000 ta bayan fage, ya sayar da kowace a kan kusan Yuro 10, watau ninkin-ba-ninkin farashin gida. Ruhubanawan suka nuna ɓacin ransu a fili, kuma a 2019 suka mai da kama layi ta intanet don su riƙa gane masu saye.

Chimay da Westmalle sun ɗauki wata hanya. Kowace na fitar da abin da ya ninka na Sint-Sixtus fiye da sau goma, da injuna na zamani da ma'aikata 'yan gari, ruhubanawa kuma suna zaune a majalisar gudanarwa suna sa ido. Hujjarsu ita ce samar wa mutanen yankin aikin yi da yalwata sadaka. Masu suka kuwa suna tambaya: idan hannun rahibi bai taɓa tukunya ba, ina babi na 48 ya kwana?

8.0 Kasuwa Na Cika, Gida Na Raguwa

Babbar barazanar ba daga kasuwa ta fito ba. Yayin da masu saye ke ƙaruwa, masu shiga ɗariƙar a Turai raguwa suke yi, waɗanda ke ciki kuma tsufa ya kama su. Gidan Achel, ɗaya daga cikin shida na Beljiyam, ya ga tashin ruhubanawansa biyu na ƙarshe zuwa Westmalle a 2020. A 2021 ya rasa tambarin, a 2023 aka sayar da shi ga wani ɗan kasuwa. Tukwanen suna nan, ruwan rijiyar bai sake ba, amma babu mai tashi addu'ar dare, saboda haka sunan ya faɗi. A Ostiriya gidan Engelszell ya fara dafawa a 2012, a 2023 aka ba da sanarwar tashin mazaunansa. A Amurka kuwa gidan Spencer da ke jihar Massachusetts ya kafa masana'anta ta zamani a 2013, amma a 2022 ya rufe ta don ba ta biya ba. Wannan ya nuna suna kaɗai ba ya ɗaukar kaya.

Akwai wani gida da ya haɗa wannan labari da Nijeriya, shi ne Mount Saint Bernard na Ingila, wanda aka kafa a 1835. Da kiwon shanun madara ya daina riƙe shi, sai ya koma ga dafa giya mai suna Tynt Meadow a 2018. A wannan gida ne Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, mutumin Aguleri ta Jihar Anambra ta yanzu, ya shiga ɗariƙar a 1950, ya zauna har rasuwarsa a 1964. Fafaroma John Paul na Biyu ya ɗaukaka darajarsa a lokacin ziyararsa Nijeriya a 1998. Daga wannan gida ne kuma aka kafa na yankin Bamenda a Kamaru a 1963.

A yau akwai gidajen Trappist a kudancin Nijeriya, a Awhum da Nsugbe da Illah, da na mata a Abakaliki. Ruhubanawan Afirka ta Yamma sun nuna cewa ƙa'idar aiki ta nema, ba giya ba. Mabiya Benedik na Ewu a Jihar Edo sun shahara da magungunan gargajiya na Paxherbal, wanda Fada Anselm Adodo ya fara a 1996. Na Keur Moussa a Sanigal kuwa sun yi suna wajen ƙera kora, abin kiɗan nan mai tsirkiya 21. Kowane gida ya duba abin da ƙasarsa ke bayarwa ya riƙe.

9.0 Kammalawa

Ra'ayin cewa mai ibada ya ci daga guminsa tsoho ne a ƙasar Hausa. Ana ba da labarin cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana tufkar igiya don ya ci daga aikin hannunsa, waƙoƙin zuhudu na ƙarni na 19 kuma cike suke da gargaɗi kan ruɗin duniya. Malaman tsangaya sun riƙe noma da ɗinki da rubutun Alƙur'ani da hannu saboda dalili guda, wanda karin magana ya dunƙule: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mai sana'a ba ya jiran hannun sarki ko na attajiri, saboda haka bakinsa a sake yake wajen faɗin gaskiya.

Abin da labarin 'yan Trappist ya ƙara a kan wannan shi ne cewa bunƙasar sana'a ma jarrabawa ce, wani lokaci ta fi durƙushewarta tsanani. Gidan da ya ja wa kansa layi ya ce iyakata ke nan, ya tsira da mutuncinsa ko da ya bar kuɗi a ƙasa. Gidan da ya sakar wa kamfani linzami ya rasa sunansa har sai da ya karɓe shi. Gidan da ya rasa magada kuwa, cinikin duniya bai hana shi rufewa ba. Waɗannan abubuwa uku, watau ƙana'a da riƙon ragama da tarbiyyar magada, su ne ma'aunin da ya kamata mai nazarin al'adu ya ɗauka idan ya tashi duba sana'o'in malamai da almajiransu a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Kano, fagen da har yanzu yake jiran ɗalibin da zai shiga lungu ya tambaya ya rubuta.